Tayoyi Huɗu na Arvo Lahti

Arvo Lahti maƙwabcina ne tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Mahaifinsa a ramin ma'adinai ya ƙare, shi kuwa ya ƙi shiga rami, ya tsaya a sama, a shagon da ake sassaƙa wa injinan kamfanin ƙarafa. A nan ya yi furfura. Garinmu ƙarami ne, a bakin tafkin Superior, kuma in abu ya lalace cikin hunturu ba a san ranar zuwan motar kaya ba. Shi ya sa kowa ya saba da hanyar garejin Arvo. Injin kwashe dusar ƙanƙara, murhun sauna, wato ɗakin wankan tururi, famfon coci, duk sun kwana a can. Ba ya karɓar komai sai fasti mai zafi, burodin nan da ake cusa wa nama da dankali, shi ma in a gida aka gasa. Abin da ya tsana a duniya shi ne mutum ya sayi abin da zai iya ƙerawa.

Bayan ya bar aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya ba da kansa ga ƙungiyar 'yan sakandare masu haɗa mutum-mutumi. Suna ne kawai, don akwati ne mai tayoyi, ba kai ba ƙafa. Kowace Janairu a faɗi wasan shekarar, yara su ƙera nasu, a je gasa. Ni aikina jan tirela da motata.

Shekara da shekaru namu yana tafiya kan tayoyi kafaffu, in zai juya sai ya yi kamar tarakta a gona. Sai makarantun kudu suka fara zuwa da wata sabuwar taya. Kowace ɗaya da ƙananan injina biyu a kanta, ɗaya na murza ta, ɗaya na juya fuskarta. Nasu ya yi gaba, ya yi gefe, ya zagaye namu yana wulwulawa. A kwali suke sayen tayoyin, kuma Arvo bai taɓa barin wannan ya wuce ba. 'Yan kwali yake kiransu, ko a gabansu.

Akwai doka a gasar. Duk abin da aka saya, ko aka ba wani na waje ya ƙera, kada kuɗin guda ɗaya ya wuce abin da aka yanka, don kada masu hali su saye nasara. Amma abin da yara ko malamansu suka yi da hannunsu, kuɗin ɗanyen ƙarfen kawai ake dubawa. Na kwali suna shiga ƙarƙashin dokar da ƙyar, sai dai guda huɗu sun fi ƙarfin ƙungiyar da ke tara kuɗi da tsintar gwangwanin lemo.

Shekarar da nake magana, jikarsa Kaisa ce shugabar yaran, kuma shekararta ta ƙarshe ke nan. Ita kaɗai ke iya tsokanarsa ta kwana lafiya. Ta zana irin sabuwar tayar nan da hannunta, ta ajiye zanen a gabansa.

"Tsoho, kai da ka ce ba abin da ya gagare ka, ga shi nan."

"Ke 'yar nan, na yi wa injin da ya fi gidanku girma haƙora."

"To ai wannan ɗan mitsitsi ne, kafin ka sha gahawa ka gama."

Ya naɗe zanen ya sa a aljihu. Ya ce a ba shi lokaci, kuma kada kowa ya dame shi a gareji.

A hunturun nan ne Arvo ya fara tara gemu, shi da bai taɓa fita ba aski ba. In aka zuba masa gahawa sai ya ce rabin kofi ya isa. Hannayensa suka koma zama cikin aljihu. Tagar kicin ɗina tana kallon garejinsa, na ga dusar ƙanƙara ta taru a bakin ƙofar ba sawun kowa. Ya je birnin Green Bay, ya ce wajen likita. Duane, wanda ya koyi aiki a hannunsa, a can yake da babban shago mai injinan kwamfuta. Mu a nan ba a cika tambaya ba.

Wata ranar Asabar ya shigo makaranta da akwatin katako. Tayoyi huɗu, sumul, ko ƙwarzane babu. Da aka ɗaura su, abin ya riƙa sulɓewa kamar kifi a ruwa. Kaisa ta rungume shi, shi kuwa yana kallon ƙasa.

A garin Escanaba aka yi gasar. Kafin a shiga fili sai an bi ta hannun masu dubawa, mu kuma muka faɗa hannun Madam Pelkie, wata dattijuwa da ta daɗe tana wannan aiki kyauta. Ta auna nauyi, ta auna faɗi, sannan ta durƙusa ta daɗe tana shafa tayoyin. Ta tambayi inda aka saye su.

"Ba saya muka yi ba," in ji Kaisa. "Kakana ne ya yi su a garejinsa, da injin da ya girmi babana."

Madam Pelkie ta ɗago. "Haka ne, Mista Lahti?"

Arvo ya gyaɗa kai. Ta manna takardar izini a jikin mutum-mutuminmu, ta wuce.

Ranar ba wanda ya iya kama mu. Tsakanin wasa da wasa Kaisa ta riƙa bi tebur-tebur tana ba da labari, tana janyo mutane su zo su ga kakanta. Har 'yan kwali suka zo da malaminsu, wani saurayi mai ladabi. Ya miƙa hannu, Arvo bai fito da nasa ba, suka ɗauka girman kai ne na gwanaye. Malamin ya roƙe shi ya zo da bazara ya nuna wa yaransu yadda ake yi. Da aka kawo abincin rana na nemi Arvo na rasa. A motata na same shi zaune, bai ko kunna injin ɗumi ba.

Washegari da safe, kafin a fara wasa, ya ce in raka shi. Muka sami Madam Pelkie tana shirya ma'auninta.

"Jiya kin tambaye ni," ya ce. "Ko ɗaya ban yanka ba. Biya na yi aka yi mini a Green Bay."

Ta tambayi kuɗin guda ɗaya, ya faɗa. Ya zarce dokar nesa ba kusa ba. Ta ce ya san dole ta cire takardar, kuma da waɗannan tayoyi ba su ƙara shiga fili. Ya ce ya sani. Sai ta tambaya ko yarinyar ta sani, kuma wa zai gaya mata, shi ko ita.

Shi ya gaya mata, a gaban sauran yaran. Kaisa ba ta yi kuka ba.

"Kaka, mutum nawa na kawo maka jiya?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Da ka ce ba za ka iya ba, ai da mun zo da tsofaffin tayoyinmu. Wa zai ce maka wani abu?"

Sai ya fito da hannayensa biyu ya miƙa su a gabanta, ashe ciwon karkarwa ya kama su. Ni na kau da kai. Ita ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya ta nufi teburin sanarwa.

Al'adar wurin ce, duk ƙungiyar da ta rasa wani abu a faɗa a lasifika, mai shi ya kawo. Aka kira lambarmu, aka ce muna neman tayoyi kafaffu da duk mai hannu. Waɗanda suka fara isowa 'yan kwali ne, da tsofaffin tayoyinsu na ajiya. Aka kifa mutum-mutumin, yaransu da namu suka duƙufa. Wasanni suka wuce mu, sunanmu ya yi ta gangarowa a allo. Arvo na zaune kan wani bokiti da aka kife. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya tambaye shi komai.

Da rana ta yi, Kaisa ta goge hannunta ta ce ba za ta bar garin nan da maganarta ta jiya a kunnen mutane ba. Ta fara daga teburin farko. Ba ta kira shi ba, amma ya tashi ya bi bayanta. A kowane tebur ta tsaya ta ce abin da ta faɗa jiya ba haka yake ba, a shago aka yi tayoyin, sun kuma saɓa doka. Shi yana tsaye a gefenta, hula a cire. Wasu suka ce ba komai, wasu suka kama ɗaure abin da yake a ɗaure.

Teburin 'yan kwali ne na ƙarshe. Malaminsu ya tare ta tun ba ta yi nisa ba, ya ce ai sun ji, ba sai ta wahalar da kanta ba, kowa na kuskure.

"Ɗana," in ji Arvo, "bari ta gama."

Ta gama, tun daga farko har ƙarshe, shi kuma bai matsa daga wurin ba.