Mainasara da Kwasakwasan Kukarsa

A wani ƙauye gefen Shinkafi, Mainasara ya tsufa yana cin kifi ba tare da ya taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Gidansa na gindin wata tsohuwar kuka da kwasakwasa ke sheƙa a kai, tsuntsayen nan masu jakar wuya. Idan iyayen suka kwaso kifi daga tafkin fadama, 'ya'yan su hau wawaso, wani kifin ya suɓuce ya faɗo tsakar gida. Matarsa Yalwa ta wanke ta soya. Ya kira wannan arzikin Allah, mu kuwa muka kira shi lalaci.

Kada ka ɗauka son su yake yi. Kullum cikin zagin su yake, don babu hularsa da ba su yi wa farin fenti ba, ga ƙarni. Amma yaro ya ɗaga danƙo wajen kukar, ranar zai san tsohon yana da gudu.

Sai aka raba gidan sauro kyauta. Mutanenmu, da ba a raba su da dabara, suka ɗinke su suka shiga tafki. Gidan sauro ba ya barin ko jaririn kifi. Kafin a ankara tafkin ya zama ruwa zalla, sauro kuma ya samu sakewa.

Kifi ya daina faɗowa gidan Mainasara. 'Ya'yan tsuntsayen ne suka fara faɗowa, ƙashi da fata. Yalwa ta ce ranar da ya tsinci na farko bai yi zagi ba, abin da ya tsorata ta ke nan.

Ya sami wani mai sauran numfashi, ya rungume shi har zauren Sufyanu, sarkin ruwa, ya dire shi kan tabarma tsakiyar baƙi. Tsuntsun ya yi abin da ya saba a kan tabarmar.

"Tun da kunka cinye abincin uwatai," in ji Mainasara, "sai ku riƙe shi."

Sufyanu ya yi faɗa, ya ce an ci mutuncinsa. Amma shi ma komarsa ta kamun kifi ta daɗe tana fitowa wayam. Ya hana shiga tafkin sai 'ya'yan tsuntsaye sun girma sun tashi, ya kuma hana kamun kifi da gidan sauro har abada. Shi kuwa ɗan tsuntsun, Sufyanu ya ce a ɗauke masa shi.

Haka Mainasara ya ari koma, ya gangara gulbi da furfurarsa yana koyon kamun kifi don ciyar da maraya. Mun sha dariya, har ya faɗa ruwa muna kallo. Ni dai tausayi ya kama ni.

Da shekara ta zagayo, wani ƙaton karfasa ya faɗo tsakar gida. Yalwa ta ɗora kasko. Mainasara ya ɗauki kifin, ya haɗiye yawu, ya miƙa wa marayan nan da ya girma ya ƙi tashi.

"Sauke kaskon," ya ce mata. "Nasu na."