Gumaguman Bakin Rijiyarmu

Duk lokacin da na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar igiyar kaba, sai rijiyar unguwarmu ta faɗo mini a rai, can ƙauyenmu kusa da Bukkuyum. Ba zan ce maka na san shekarunta ba. Abin da na sani, gumaguman kirya huɗu ne suka kewaye bakinta, an sassaƙa musu dagi da ƙadangaru, sun yi baƙi suna sheƙi saboda hannun mutane. Kowane gida yana da gurbin da igiyarsa ta ci a jikin itacen, kuma ba ka jan guga a gurbin wani sai ka roƙa. Na Fulanin da ke kawo shanu da bazara ya fi kowane zurfi.

Kakata, wadda ta haifi babana, ta makance tun ina firamare, amma ba ta bar zuwa ba. Takan laluba ta wuce ƙadangare na biyu, ta sa yatsa a gurbinmu, sannan ta ce in saki guga.

Shekarar da aka kawo famfo, Baffa, wan babana, shi ne mai unguwa. Ya tara mutane ya ce za a rufe rijiyar da siminti, gumaguman kuwa gwamnati za ta adana su a Gusau, jikokinmu su gani. Mun yarda. Har samari suka taya lodi.

Da na sami karatu a Gusau, Kaka ta riƙo rigata.

"In ka tai, ka taɓo min gurbinmu. Ka ce musu a riƙa shafa mai, kirya na son mai."

Na zaga ofisoshin da nake zaton abin ya shafa. Wataƙila akwai wanda na tsallake, ban rantse ba, amma ban sami wanda ya taɓa jin labarin ba. Da na dawo hutu na tambayi Baffa a hankali, Kaka tana zaune a gefe. Ya yi dariya.

"Kai ɗan boko, icce na fa. Wani mai sayen kayan tarihi ya zo da mota, mi za ni ce mai?"

Kaka ta ce, "Da bakinka kac ce gwamnati."

Daga ranar ba ta sake shan ruwan randar gidansa ba har ta rasu. Inna, mahaifiyata, ce ke kai mata daga namu.

Yau famfon ya lalace, simintin yana nan, ruwa sai daga 'yan garuwa. Yaran unguwa suna zama a kan murfin, ina jin ba su san akwai ruwa a ƙarƙashinsu ba. Baffa ya tsufa, kuma mai yiwuwa yana da uzurin da ban sani ba. In na je gida nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata. In an kawo mini ruwa, sai in ce na sha a hanya.