Takalman da Baba Issaka Ya Yi wa Washi

Ina tsaye ina jera gwangwanayen tumatir a shagon da nake aiki a unguwar Mount Hope, wata Talata ta watan Satumban 1997, sai mai shago ya miƙo min waya. Safiatu ce, ƙanwar abokina Moro. Ta ce, "Yaya Ɗanlami, motar su Moro ta yi hatsari a hanyar garin Buffalo." Ba ta iya ƙarasawa ba. Na zauna a kan buhun shinkafa ina ta maimaita Inna lillahi. Moro ya rasu yana da shekara ashirin da uku.

Bene ɗaya muka tashi ni da Moro, su a hawa na huɗu, mu a na biyu. Mahaifinsa Baba Issaka mahauci ne daga zangon Kumasi, yana yanka nama a wani shago kusa da titin Grand Concourse. A duk unguwar babu mai wuƙa irin tasa, har mata sukan kawo masa nasu ya gyara.

Muna da shekara goma sha ɗaya makaranta ta kai mu filin ƙanƙara da ke arewacin Central Park. Ni na riƙe ƙarfen gefe na ƙi saki. Moro kuwa ya faɗi sau biyu, a na uku ya wuce kamar can aka haife shi. Daga nan ya kamu da hoki, wasan da ake zamiya a kan ƙanƙara ana kora ɗan baƙin faifan roba da sanda zuwa raga. Ni ma na sayi takalma na hannu don kada a bar ni a baya, amma ban taɓa iyawa ba.

Baba Issaka bai fahimci abin ba. Yakan ce, "Mutane suna gudun sanyi, kai kana binsa da sanda."

A 1989 wata ƙungiyar matasa ta kira gwaji a Staten Island. Yara arba'in, gurbi uku, kuma yini ɗaya ne tak. Ana gobe gwajin, bayan la'asar, Baba ya ga takalman a bakin ƙofa. Ya shafa ƙarfen ƙasansu da yatsa, ya ga a dakushe yake, ya ce ɗansa ba zai fita gaban mutane da wannan abin kunya ba. Ya ɗauko dutsen washinsa. Bai san ƙarfen takalmin ƙanƙara yana da ɗan kwari a tsakiya da baki biyu ba, waɗanda su ne ke kama ƙanƙara. Ya goge su tas, ya fitar da baki ɗaya kamar wuƙar fawa, ya naɗe su a takardar nama ya mayar jaka, bai gaya wa kowa ba.

Ni na raka Moro, da jakar takalmana, don in yi zamiya idan an tashi. Yana shiga fili ya zube. Ya tashi, ya juya, ya sake zubewa. Sau biyar na ƙirga. Yara suna dariya, koci ya fara kallon takardarsa. Moro ya rarrafo gefe ya ɗaga ƙafa, muka duba.

Na ce, "Kai, wa ya yi maka wannan?"

Ya taɓa kaifin, ya ga jini a yatsansa, sai ya yi murmushi. "Aikin Baba ne. Dubi kyansa."

"Kyau? Za su kore ka, wawa!"

"Ciro naka."

"Nawa sun yi maka yawa."

"Ciro, malam kwale-kwale." Haka yake kirana saboda girman ƙafafuna.

Muka yayyaga takardar naman muka cusa a gaban takalmana. Ya koma saura rabin sa'a. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ya ƙwace faifan daga wani ƙato, ya zagaye biyu, ya jefa a raga. Ya sake jefa wani. Da koci ya karanta sunaye uku, na Moro ne na biyu.

A gida Moro bai gaya wa kowa abin da washin ya jawo ba. Ni ne bakina ya kasa, na faɗa a gaban Baba da Mama Hawawu, mahaifiyar Moro. Baba ya kasa cin tuwo. Asabar ta gaba ya rufe aiki da wuri, ya bi mu fili, ya tsaya a kan mai injin washi har ya gane yadda ake fitar da kwarin. Cikin shekara guda yaran ƙungiyar duka shi suke kawo wa takalma. Turawan nan har "Baba" suka koya.

Moro ya yi shekara biyu a nan, sannan wata ƙungiya a Kanada ta ɗauke shi. A kakar wasansa ta biyu ya jefa faifai a raga sau talatin da ɗaya. Baba ya manna hotonsa na jarida kusa da sikelin nama, kowa ya zo sayen hanta sai ya ji labari.

Mako guda kafin rasuwarsa ya kira ni da safe. An gayyace shi gwaji a wata babbar ƙungiya.

Ya ce, "Takalman nan naka suna nan?"

Na ce, "Suna ƙarƙashin gado. Har yanzu sun yi maka yawa."

Ya yi dariya. "Ajiye min su. Ka ce wa Baba ya tanadi takarda."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗan'uwa."

Ya ce, "Amin, kwale-kwale."