Susa a shekarar da ba a yi gero ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ko Madam Rabi ta bar lakwal, wato makaranta, ne, ban bari ba, ciwon daji na yi. Na tashi, amma ban tashi da dariya ba.

Ni ƴar Maijirgi ce, a Tasawa nake koyarwa. Tun ina yarinya ba ni zuwa wurin sussuka. Da ƙurar gero ta taɓa ni sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ido ya kumbura. Borin jini. A gidanmu ƴar hutu ake ce mini, wai na ga taɓarya na ƙirƙiro ciwo. Da kaka ta wuce nake warkewa, kowa ya san haka.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Ko dami ɗaya ba mu ɗaure ba, turame suka kwanta a gari. A shekarar ce na fara susa irin wadda ban taɓa yi ba. Babu kumburi, babu ƙurji, a can cikin fata abin yake. Na sosa da farce, na koma marfin kwano.

Na je wurin majo, wato babban ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa. Ban rufe baki ba ya ce, “Madam, alerjinki ce.”

Na ce, “Majo, bana ina geron?”

Ya yi dariya ya rubuta mini ƙwayoyin da nake sha tun ina budurwa.

Gumi ya biyo baya, zane ya jiƙe kamar an wanke. Siket ya fara zamewa. Sannan wani ƙullutu ya fito a wuyana, ba zafi, ba komai.

A Maraɗi aka ɗebi jini. A cikin analis ɗin, wato sakamakon gwajin, akwai abin da suke kira IgE, sinadarin da jiki ke yi wa masu borin jini. Nawa ya hau sosai. Na kawo takardar gida, Yaya Salisu ya karɓa. Shi ne babban wanmu, tun rasuwar Baba ba a fitar da ko akuya sai da yawunsa. Ya duba salularsa, ya ɗago da murna.

“Kin gani? Turawa sun ce mai wagga aba a jini, daji ba ya kama shi. Garkuwa ce Allah ya ba ki. Ki bar tada hankalin Inna.”

Inna ta ce, “Salisu, ɗiyag ga tana ƙarewa fa.”

Ya ce, “Inna, kowa ya rame bana. Yunwa ce.”

Likitan Maraɗi ya ce in wuce Yamai a duba ƙullutun. Albashina ba zai kai ni ba. Mijina yana ci-rani a Agadas, abin da yake aikowa hatsi ake saye. Gonata ta gado na ce a jinginar, Yaya ya ce ba za a taɓa ƙasar Baba saboda susa ba.

Haka rani ya wuce a kaina.

Ranar da na faɗi a gaban allo, ɗalibai na kallo, Inna ba ta shawarci kowa ba. Ta kora awakinta zuwa kasuwa, ta sa ni a mota.

A Yamai aka yanki ƙullutun aka kai bincike. Likitar mace ce, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce dajin ƙululun jiki ne, kuma ya riga ya sauka ƙirji. Na ba ta labarin garkuwar Yaya. Ta ce masu bincike sun lura wasu nau'in daji ba su cika kama masu borin jini ba, sun kuma lura wanda sinadarin ya yi masa ƙasa ƙwarai yana iya zama cikin haɗari, amma har yanzu nazari ake yi. Ta ce, “Wannan ciwon naki shi da kansa yana sa susa, yana kuma iya hauda sinadarin. Lamba ce a takarda, Madam, ba laya ba ce.”

Aka fara ƙarin ruwan magani. Lokacin sojoji sun karɓi mulki, iyakoki a rufe, wuta tana zuwa tana tafiya. Wani zagayen sai a ce maganin bai iso ba, in koma tabarma in jira. Gashi ya zube. Abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Na ji tsoro ƙwarai, ba na mutuwa kaɗai ba, na in mutu ana cewa raki ne. Gonar da aka hana ni, a ƙarshe sayar da ita aka yi ɗungurungum.

Yanzu hotuna sun nuna babu komai. Amma don na zo a makare, magani mai ƙarfi aka ba ni, kuma likita ta ce da wuya in haihu. Ban taɓa haihuwa ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da mijina da ya baro aikinsa ya zo ya yi jinyata, da malaman da suka riƙe mini aji.

Shawarata: in kana da tsohon ciwo, kada ka bari a jingina masa kowane sabo. Susa ba dalili, gumin da ke jiƙa tufa, rama, ƙullutu marar zafi, a je a duba, a kuma koma in an kore ka. Takardar analis likita ake kai wa, ba mai salula ba.

Yaya Salisu ya zo barka da arziki. Ya sha fura, ya ce, “Ai na faɗi, jininki na da ƙarfi, shi ya hisshe ki.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe masa. Har yanzu bai ba ni ba.