Taron da Kawu Bai Gani Ba

Ina shekarar ƙarshe ta karatuna a Alƙahira kawuna ya zo jinyar ƙoda. Yayan mahaifiyata ne, injiniya, ya yi ritaya a ma'aikatar ayyuka ta jiharmu. Ya sauka a ɗan gidan da nake haya a unguwar Faisal. Ni nake kai shi wankin ƙoda, ni nake yi masa tafinta a gaban likitoci.

A lokacin maganar da ake ta yi a gida ita ce kiran da wasu jihohi suke yi a zauna babban taro, a sake duba tsarin mulki, a rage wa gwamnatin tarayya ƙarfi. Kawu ba ya gajiya da wannan zance. Ana jona shi da na'ura zai kara waya a kunne yana sauraren masu muhawara.

Wata rana muna dawowa a cikin mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, cunkoso ya tsayar da mu, na ce, "Kawu, gwamnonin nan fa? In aka ƙara musu iko, wa zai iya da su?"

Sai da muka hau bene, ya zauna numfashinsa ya dawo, sannan ya ce, "Ka tuna gadar bakin garinmu?"

Na ce na tuna.

"Da damina ta tsage. Ina da ma'aikata, ina da tsakuwa, motocin aiki suna ajiye a harabarmu. Aka ce kada in taɓa, hanyar ta tarayya ce. Muka kai kuka sama, muka zauna jira. Muna cikin jiran ta rufta da motar 'yan biki."

Na san babbar 'yarsa ta rasu a hatsarin mota ina ƙarami, amma sai a ranar na gane tana cikin motar bikin nan. Na tashi na dafa masa shayi, bai sha ba.

Ya ce, "Gwamna in ya zalunce ni, na san ƙofar gidansu. Wancan da ya hana ni gyara, har yau ban san fuskarsa ba."

Duk da haka ban ɓoye masa ba, na ce tsorona bai tafi ba, don na ga abin da na kusa ma suke yi wa talaka. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai shi ya sa nake so a zauna, ɗana. Ka zo da tsoronka, in zo da nawa."

Jikinsa ya rikice gab da azumi, ya cika a asibiti ina riƙe da hannunsa. Mahaifiyata ta ce ta waya a binne shi a nan Alƙahira, ƙasa duk ta Allah ce. Ɗalibai 'yan'uwana da maƙwabtanmu 'yan Sudan suka yi masa salla. Taron kuwa har na gama karatu ba a zauna ba.

Bayan kwana biyu na koma ɗakin wankin ƙodar don in sanar da ma'aikatan. Wani dattijo Bamisire da gadonsa ke kusa da na Kawu ya ji, ya yi salati, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Daga nan na fita na nemi motar zuwa Faisal.