Mai Ƙwai a Tashar Zakirai

A tashar Zakirai wata siririyar budurwa ke tallan dafaffen ƙwai. Baƙin idonta ya yi tsini, sai ta kai abu dab da hanci take gane shi, tana ta murza idon da bakin mayafi.

Na ce, "'Yar nan, an kai ki asibiti kuwa?"

"An kai ni, Inna. Likita ya ce bayan tabarau in riƙa shan bitamin, in ci hanta da ƙwai. A wannan tsadar!"

"To, ba ga ƙwai a kanki ba?"

Ta yi murmushi. "A gidanmu ba a ba yara, wai yana koya sata."

Ji shirme! Sun hana ta sata, su kuwa suna sace mata ido.