Ranar da Na Tare Motar Irin Gero

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na tsaya a gaban motar irin gero a Gagarawa na ce ba inda za ta ba.

A lokacin ina yi wa wata ƙungiyar manoma aikin kwamfuta. Kafin a raba iri, akan ɗebi ƙwaya ɗari daga kowane buhu a shimfiɗa a tsumma mai laima, a ƙirga waɗanda suka tsira, a rubuta a fayil. Ni kuma na haɗa 'yar manhaja da ke karanta fayil ɗin ta faɗi buhunan da suka ci gwaji. Ina ji da ita ba kaɗan ba, har nakan buɗe ta a gaban baƙi don dai su gani.

Da aka gwada irin wannan shekarar, na shigar da lambobin, ta ce duk buhunan sun ci. Kowa ya yi murna ban da ni, domin na tuna wasu lambobin ko rabi ba su kai ba. Sai na goge komai, na rubuta sifili a kowane layi, na sake tambayarta. Ba kunya ba tsoron Allah, ta ce duk sun ci! Ashe sakamakon da ta fara karantawa, na irin bara, shi ta ajiye take ta maimaita mini, ba ta ƙara leƙa fayil ɗin ba.

Na fito a guje, na tarar an gama lodi, mota za ta nufi ƙauyukan Sule Tankarkar, ga hadari ya haɗu a gabas. Manomin da ya zuba mataccen iri a ruwan shuka, shekararsa ta tafi. Na sha gaban motar.

Shugaban ƙungiyar, sa'an mahaifina ne, ya ce, "Ke 'yar nan, ba kwamfutarki ce ta ce sun ci ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya take yi. Kuma ni na haɗa ta, laifina ne."

"To ki rufa wa kanki asiri mana. Mutane na can suna jiran shuka."

"Baba, in korata za ka yi, ka kore ni. Amma motar nan sai dai ta bi ta kaina."

Direba na ta danna hon, ban matsa ba. Da ƙyar shugaban ya ba ni zuwa la'asar. Na gyara manhajar, na sa ta riƙa zubar da tsohon sakamako tana karanta fayil daga farko duk sanda aka tambaye ta. Na mayar da lambobin gaskiya daga takardar da masu gwaji suka rubuta. Buhu bakwai suka faɗi, aka sauke su a kan idon kowa. Shugaban bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Tun daga ranar, duk abin da kullum amsarsa "lafiya lau" ce, mutum ne ko na'ura, sai na miƙa masa sifili na ga ko zai lura.